Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dattawan Hausawan Nil Azraƙ: Mu Nemi Haƙƙinmu, Mu Sauke Gaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu sarakuna, limamai da masu unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Gaisuwa ce ta ɗa ga iyayensa, daga nan Gadarif a gabashin Sudan. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yaro ya tari manya da magana a bainar jama'a. Da muna gida, zaure zan zo in tuɓe takalmi in tsuguna har a ba ni izini. To yau zauren wani yana Rabak, na wani yana Kasala, wani ma inuwar bishiya ce zaurensa. Shi ya sa na rubuto, ku yi mini uzuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ni tela ne, haifaffen Rusairis. Kakan mahaifina yana cikin ayarin da ya yo gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, mutanen da suka bi ɗansa Muhammadu Bello har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin nan na Nil Azraƙ, wato Shuɗin Nil, kusa da Sannar. Daga can zuriyarmu ta yi kudu tana noma da kamun kifi. Na faɗi haka ne don ku san mai maganar ɗan gida ne, kuma abin da ya ci ku ya ci shi.

Ba sai na tuna muku rikicin Yulin 2022 ba, tsakaninmu Hausawa da wasu ƙabilun jiharmu ta Nil Azraƙ. Magana ta taso daga neman sarautar gargajiya tamu ta kanmu da batun ƙasar noma, ta ƙare da gawa sama da 100 cikin 'yan kwanaki, daga Gaisan har Rusairis da Damazin. Watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, a garuruwan nan masu lamba da aka gina wa waɗanda ruwa ya tasa lokacin da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, nan ma aka rasa sama da 200. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin na Yuli. Maganin zazzaɓi ya fita sayo wa 'yarsa, bai dawo ba. Muka gudu Sinja da kayan jikinmu, sai kan keken ɗinkina da na cusa a buhu. Shekara biyu ba ta cika ba, a ƙarshen Yunin 2024, yaƙin da ya ci ƙasar gaba ɗaya ya iso Sinja, muka sake gudu, muka tsallake kogin Dindir a ƙafa cikin laka zuwa Gadarif.

A Sinja ne na sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai koren bango. Na fara rubuta sunaye. Wanda aka ce an gani da adda, wanda aka ce ya nuna gidajenmu, wanda aka ji ya ce a kore mu mu koma inda muka fito. Duk wanda ya iso daga gida sai na zaunar da shi na tatse shi, in ƙara suna. Wata rana wani ɗan'uwa ya turo mini hoto ta WhatsApp. Ƙofar gidana ce, ta ƙarfe, shuɗiya, da lotsawar nan a ƙasan hagu inda amalanken jaki ya taɓa dukanta, da zane-zanen ƙusa a gefe inda nake auna tsawon 'ya'yana duk Sallah. Tana maƙale a gidan maƙwabcina na shekara 18. Mutumin da muke musayar kwano da azumi, wanda matarsa ce ta riƙe hannun matata daren da aka haifi ɗanmu na fari. Ban ce shi ya kashe ƙanena ba, ban gani ba. Amma ƙofata na gani. Na rubuta sunansa a shafi shi kaɗai, na ja layi biyu a ƙasa.

Daga nan littafin ya zama wuridina. Bayan Isha'i sai in buɗe in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin sallah, baki na karatu, zuciya tana can tana tsara abin da zan yi wa wane ranar da muka haɗu. Barci ya ƙaurace, hawan jini ya shigo, matata ta koma yi mini magana kamar mai taka ƙaya. Zan faɗa muku wani abin kunya tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wani bawan Allah ya kawo ɗinkin jallabiya a nan Gadarif, daga harshensa na gane mutanen can ne, na yanke masa yadi gajere da gangan, na ce ai haka ya kawo shi. Mutumin nan ban taɓa ganinsa ba. Wataƙila shi ma gudu ya yo.

Abin da ya karya ni shi ne wata la'asar da na dawo gida na tarar da ɗana mai shekara 9 zaune a tabarma da littafin a cinyarsa, yana rangaji irin na makarantar allo, yana biya wa ƙanwarsa sunayen, tana maimaitawa. Ta ce, "Yaya, su waye waɗannan?" Ya ce, "Waɗanda za mu kashe ne in mun girma." Yaron da har yau bai kai Sabbi ba ya haddace suna 23 ba tuntuɓe. Ban doke shi ba. Da wane bakin?

Iyayena, yanzu zan kawo maganar da wasunku za su ji wani iri, ku daure ku ji ni zuwa ƙarshe. Wanda ya fara kwance mini wannan ƙulli Kirista ne.

Kusa da rumfata, ta wajen kasuwar amfanin gona, akwai wani sito na riɗi da wani dattijo ke gadi. Ɗan ƙabilar Uduk ne, daga yankin Chali, can kudu da Kurmuk, wato ɗan jiharmu ne. Ammu nake ce masa, wato baffa da Larabci. Idan rana ta yi sanyi mukan sha jabana, wato gahawa, tare, ni da carbina shi da ɗan littafinsa da ya sha jiki. Bai taɓa neman ya juya ni ba, ni ma ban nemi juya shi ba. Wata rana ya gan ni da koren littafin, ya kira ni usta yadda ake kiran mai sana'a a nan, ya ce, "Ya usta, wane irin bashi kake bi haka da ya hana ka ƙiba?" Na ce bashin jini ne. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya fara lissafo mini nasa. A 1987 yaƙi ya tashe su suka tsallaka Habasha. A 1991 aka sake koro su suka faɗo Nasir, daga nan suka koma Habasha suka yi shekaru a sansanin Bonga. Bayan sulhun 2005 tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Kudu suka dawo gida suka sake kafa bukkoki, a 2011 jirage suka sake tashinsu zuwa Doro a Sudan ta Kudu. A hanyoyin nan ya binne uwa, ya binne mata, ya binne 'ya'ya biyu. Ya ce, "Da ina rubutawa, da littafina ya ninka naka kauri."

Na ce to me ya hana ka?

Sai ya ɗebo riɗi cikin tafin hannunsa ya zuba a kan teburina. Ya ce a Linjilar Matiyu, sura 18, Bitrus ya tambayi Almasihu sau nawa ɗan'uwa zai yi masa laifi ya yafe, ko har sau bakwai? Bitrus yana ganin ya yi ƙoƙari. Aka ce masa ba bakwai ba, bakwai sau saba'in. Dattijon ya fara ware ƙwayoyin riɗin da farce, ɗaya, biyu, uku, bai kai ashirin ba suka cakuɗe. Ya yi dariya ya ce abin da ake nufi ke nan. Wanda ya zauna yana ƙirga har 490 bai taɓa yafewa ko sau ɗaya ba, jiran ta 491 yake yi.

Ya ƙara mini da wani abu da ya tsaya mini a rai. A farkon littafinsu, cikin zuriyar Kayinu, wanda mu muke kira Ƙabilu, akwai wani Lamek da ya tara matansa yana musu kirari cewa ya kashe mutum don ya ji masa rauni, kuma idan ramuwar Kayinu sau bakwai ce, tasa sau saba'in da bakwai ce. Dattijon ya ce ka gani, lissafin nan na bakwai da saba'in tun asali na masu ramuwa ne, Almasihu ya ɗauko shi ya kifar da shi ya mai da shi na yafiya. Na yi shiru ina tunanin karin maganarmu, ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Mukan faɗe ta da alfahari, alhali kirarin Lamek ne da Hausa. Yuli ya haifi Oktoba, kuma na Oktoba ya ninka na Yuli. Wa ya san abin da Oktoba ke ɗauke da cikinsa?

A wannan surar dai akwai misalin bawan da sarki ke binsa talanti 10,000. Ya yi mini lissafi: dinari ɗaya ladan yinin lebura ne, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, wato bashin da ko jikokin jikokinsa ba za su biya ba. Ya faɗi ya yi roƙo, sarki ya yafe masa duka. Fitowarsa ke da wuya ya ci karo da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya, ya sa aka kulle shi. Labari ya koma wa sarki, aka dawo da shi aka ɗora masa bashinsa na farko. Abin da ya ba ni mamaki, dattijon bai raina dinari 100 ɗin ba. Ya ce ladan aikin fiye da wata uku ne, bashi ne na gaske, mai shi yana da gaskiya da ya ji zafi. Laifinsa ɗaya, ya manta daga wane ɗaki ya fito.

Ya ce shi abin da ya fi tsorata shi addu'ar da suke yi kullum ce, inda suke cewa a gafarta musu laifofinsu kamar yadda su ma suke gafarta wa masu yi musu laifi. Ya ce shekara biyu cur a Bonga in an zo wannan gaɓar sai ya rufe baki, don ya gane mai ƙullaci in ya furta ta, da bakinsa yake roƙon kada a yafe masa. An kuma ce musu in mutum ya kawo baiko wurin ibada ya tuna akwai wata a ƙasa tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. An ce musu su yi fushi amma kada rana ta faɗi suna riƙe da shi, kada su ba Shaiɗan ƙofa.

Sai maganar da ta fi shiga ta, don ni ɗan manoma ne. A wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa an gargaɗe su kada wani tushe mai ɗaci ya tsiro ya ƙazantar da mutane da yawa. Ya ce duk lokacin da ya karanta wurin, buda yake tunawa, wato ƙuduji, wuta-wutar da ke cin dawa. Kun fi ni saninta. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa tana tsotsa, ka ga gona tana ƙanjamewa ka rasa dalili. Kafin ta fito da furen nan nata mai kyau ta gama ɓarna. Tsiro ɗaya kuma yakan zubar da iri dubbai, irin ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru yana jiran a sake shuka dawa. Ya dube ni ya ce, "Gonar wa take ci, ya usta? Ta wanda ya ɗauki ƙofarka, ko taka?" Ban ba shi labarin ɗana ba. Ban san yadda aka yi ya taka daidai wurin ba.

Kada ku ɗauka na miƙa wuya nan take. Na yi masa gardama sosai. Na ce wato mu bar wanda ya kashe ya sha, wanda ya kwashe ya ci bulus? Mu Hausawa cewa muke rama cuta ga macuci ibada ne. Ya girgiza kai ya ce ba haka koyarwarsu ta ce ba. Ya kawo labarin wani gajeren mai karɓar haraji a Yariko, Zakka, wanda da ya tuba ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Ya ce a surar nan ta 18 ma, kafin a zo maganar bakwai sau saba'in, sai da aka ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka same shi ku biyu ka faɗa masa, in ya ƙi ka ɗauki shaidu, in ya ƙi ka kai gaban jama'a. Kuma Bulus da ya ce kada su rama da hannunsu, ramuwa ta Allah ce, shi ne a sura ta gaba ya ce mahukunta ba a banza suke riƙe da takobi ba. A fahimtarsa, yafiya ita ce ka cire wuƙar daga hannunka da hannun ɗanka, ka miƙa ƙarar ga alƙali da Allah. Ƙofar kuwa taka ce, ka neme ta da rana tsaka.

Daren nan na koma gida kunya ta rufe ni, don duk abin da ya faɗa akwai ɗan'uwansa a cikin abin da na karanta tun ina yaro. Annabi Yusuf, wanda su ma suke da labarinsa, ya ce wa 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya babu zargi a kanku yau. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon Misɗahu ba bayan ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, aya ta sauka a Suratun Nur tana tambaya, ashe ba ku son Allah ya gafarta muku? Ya mayar masa da abin da yake ba shi. Hadisi ya tabbata cewa Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayi, ban da biyun da ke gaba da juna, sai a ce a jinkirta musu har su shirya. Na ƙirga Litinin da Alhamis nawa suka wuce ni tun Yulin 2022, na kasa ƙarasawa. Akwai inda aƙidarmu da tasu suka rabu, ba na ɓoyewa. Su sun yi imani an gicciye Almasihu kuma a kan gicciyen ya roƙa wa masu kashe shi gafara, mu Alƙur'ani ya faɗa mana ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Amma a kan haɗarin riƙo a zuci, bakinmu ɗaya da su.

Akwai wata 'yar ƙasar nan da Kiristoci ke ji da ita, Bahita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka yi ta sayarwa, aka tsattsaga jikinta aka cusa gishiri, har ta ƙare a Italiya ta rasu a 1947. Cocin Katolika ya sanya ta cikin waliyyansa a 2000. An ruwaito ta ce da za ta haɗu da waɗanda suka sace ta, da ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu. Ni dai gaskiya ban kai nan ba, kuma ba wannan nake roƙonku ku ɗora wa kowa ba. Abin da nake nema bai kai haka tsada ba.

An sa hannu a takardar zaman lafiya a Damazin a farkon 2023, wata uku bayan nan ƙasar ta kama da wuta, kowa ya shiga ta kansa. Takarda tana can, zukata suna nan yadda suke. Yanzu mutane sun fara komawa, kuma abin da nake ji a bakin samarinmu yana tsorata ni. Duk Yuli sai hotunan gawawwaki su dawo yawo a wayoyi, da muryoyin da ake naɗa ana cewa ba mu manta ba. Makamai kuma yanzu sun fi na 2022 yawa a hannun kowa, wannan ba sai an gaya muku ba. Ku ne za ku iya tsawatar da wannan, don muryar da dattijo ya yi shiru a kanta, yaro ɗauka yake an sa mata albarka. Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya a cikin gida: hannunmu bai fita fes ba. A can ma akwai marayu, akwai matan da suka yi takaba, a Kasala kuma fushinmu ya ƙona abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina kyautata zaton a wani gida can akwai mai koren littafi irin nawa, da sunayenmu a ciki.

Ina roƙonku ku raba mana abu biyu da suka cakuɗe. Asara a rubuta ta dalla-dalla, gida, gona, injin ban ruwa, rai, a kai gaban judiyya, wato zaman sulhu na gargajiya, ajawid, dattawa masu shiga tsakani, su zauna a yi maganar diyya da mayar da kaya da iyakar gonaki, a bi ta hukuma inda ya kamata. A nan kada ku sassauta ko taƙi ɗaya, zaman da muka yi na fiye da shekara 100 a bakin kogin nan ba aro ba ne. Amma jerin sunayen da ake ajiyewa don wata rana, wannan ku hana shi da bakinku, limamai su hau mumbari su kira shi da sunansa. Idan za a zauna, ku gayyato dattawan coci na jihar nan cikin masu shiga tsakani. Ba su cikin rigimar, kuma sun daɗe suna haɗiyar irin wannan ɗacin.

Sai abu ɗaya da nake so ku kiyaye. Kada a tara matan da aka kashe wa maza a gaban manyan baƙi a ce su ce sun yafe don a ɗauki hoto. Matar ƙanena har yau in an ambaci Rusairis tashi take ta bar wurin. Dattijon nan shekara biyu ya yi bakinsa a rufe, ba wanda ya tilasta shi. A ba su lokaci, a riƙe musu marayu, a bar zuciya ta sauko da ƙafarta.

Littafina ban ƙona shi ba. Na zauna da ɗana na yage shafukan sunayen a gabansa, na ce masa Baba ya yi kuskure, na bar shafukan da na rubuta kayan da muka rasa. Ya tambaye ni to wa zai rama wa Kawu? Na ce Allah yana nan, manya kuma suna nan, wato ku ke nan. Sunayen dai har yanzu suna kansa, jiya ma na ji yana gunguninsu yana wasa da murfin kwalba.

Shafi ɗaya ne na kasa yagewa, mai layi biyu a ƙasa. Na ɗauko shi ya fi sau goma. Don haka ga roƙona na ƙarshe, na kaina: ranar da za ku zauna a Rusairis, ku aiko mini, zan bar ɗinki in zo. Ku sa a kira maƙwabcin nan nawa, ku zaunar da mu a tabarma ɗaya. Ina so in tambaye shi a gabanku yadda yake ji in ya tura ƙofar nan da safe ya ga zanen tsawon 'ya'yana. In ya so ya dawo da ita, in ya so ya faɗi abin da ya sa. Zan zo da shafin a aljihuna.

Wassalam.

Ɗanku,
Tela daga Rusairis, mazaunin Gadarif.